Gurun Da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Tompkinsville, 12 ga Maris, 2023

Zuwa ga Yaya Oumarou,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Salima da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? Zeinabou mai kai mana saƙo ta ce har yanzu da sanda kake zuwa masallaci, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Amurka sanyi ya fara sakinmu, sai ciwon bayan tsayuwar shago da ba ya rabuwa da ni. Na rubuto takarda ne don na san kunnenka ba ya jin waya, kuma ba na son maganar nan ta bi ta bakin jikokinka ta karaɗe Tasawa.

Ka tambayi Zeinabou labarin Nasser ɗan marigayi Ɗanasabe, ta ce maka ya zama ƙato. To ƙato kam ya zama. Tun da wana ya rasu ya bar shi yana shekara tara, uwarsa kuwa ta riga shi, ni na riƙe yaron, ni na san girman tukunyar da nake ɗorawa. Wata jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta saboda jikinsa, ya buga musu ƙwallon nan nasu na hular kwano. Kada ka ɗauka ƙwallon da ka sani ne. Ƙarti biyar ne za su duƙa a jere, a ba da alama, su yi ta tunkuɗar wasu ƙartin don kada su kai ga wani siririn yaro da ke riƙe da ƙwallon a bayansu. Shekara huɗu, Yaya. Sau biyu ina shiga bas ta awa shida don in je kallo, ban ga hannunsa ya taɓa ƙwallon ba. Na tambaye shi, wai ba aikinsa ba ne. In an ci, siririn ake ɗagawa sama, namu kuwa ya dawo da gwiwa a kumbure. A shekarar ƙarshe jijiyar gwiwar ta tsinke, aka yi masa aiki, manyan ƙungiyoyi suka ce sun gode.

Na ce alhamdulillahi, yanzu sai ya ɗauki takardar karatunsa ya nemi aikin ofis kamar ƴaƴan mutane. Ina! Wai kokowa zai yi. Shekara uku ke nan yana abu ɗaya, ni dai a waya nake gani don ƙafata ba ta taka wurin ba. Su hau wani dandamali mai igiya, shi sanye da ɗan kamfai mai ƙyalƙyali, an shafa masa fenti a fuska, suna kiransa Dodon Hamada. Yaron da aka haifa a asibitin bayan gidanmu, wanda raƙumi ma a gidan namun daji ya fara ganinsa. Yana gurnani wai ba ya jin Turanci, alhali a gida in na yi masa Hausa da Turanci yake ba ni amsa, tun yana ƙarami har yau.

Duk wannan da sauƙi da yana ci. Kowace Asabar ta Allah sai an kayar da shi. Wasu ƴan firit da ba su kai cinyarsa ba su ɗaga shi su buga da ƙasa, ya kwanta shame-shame alƙali yana ƙirga uku. Ran Lahadi ya zo ya cinye mini tuwo kwano biyu ko kunya babu. Ka ga abin da jinin gidanmu ya koma a ƙasar mutane.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka a zumunci,
Habsatou

Tasawa, 20 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Habsatou,

Na amsa sallamarki. Takardarki ta same mu lafiya, ƙafa da sauƙi, zafi ne dai ya matsa, muna jiran ruwa. Salima tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare.

Habsatou, kin cika takarda da mita, kin binne labari ɗaya tal da ya kamata ki fara da shi. Ɗan gidanmu ya shiga fili, ke kuma kina zancen tuwo. Kin daɗe cikin turare da atamfa har kin manta daga inda kika fito. Kakanki da kakana Ishiyaku uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Ɗanasabe a hannuna ya koyi kamun ƙafa kafin ya tafi tuƙa wa Turawa mota. Wannan ƙwallon da kike rainawa ni na gane shi. Mutum ya kafa ƙafa shekara huɗu ƙarti suna turo shi ba su wuce ba, ai wannan tsayuwa ce, kuma tsayuwa ita ce rabin kokowa.

Na fahimci abin da kike roƙo, ko da girman kai ya hana ki faɗa kai tsaye. Yaron yana shan kaye ne don tsirara yake shiga. Ba laya, ba kirari, ba dattijo a bayansa, sai fenti. Wa ya taɓa cin fili da fenti? Ƴaƴana maza kuwa kin san su, ɗaya kabu-kabu, ɗaya sayar da katin waya, hannuwa kamar karan dawa. Ba wanda zan miƙa wa kayan gida a cikinsu.

Saboda haka na ba Zeinabou gurun Ishiyaku ta kawo miki. Ɗamarar fata ce mai laya bakwai, za ki gane ta in kin gani. Ishiyaku ya ɗaura shi kaka goma sha tara bayansa bai san ƙasa ba. Ubana Abdulrashid ya ɗaura, ni na ɗaura shekara goma sha huɗu. Sau biyu na sha kaye a rayuwata, duka biyun ranar da na bar shi a gida ne.

Ki kiyaye da kyau. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallake shi, a ƙusa ake rataye shi sama da kan mutum. Ranar da ya taɓa ƙasa ya mutu, haƙa rami ake yi a binne shi, kuma wanda ya jawo haka makaɗa ba sa ƙara kiran sunansa cikin mazan gida. Ki ɗaura wa yaron da hannunki tunda ba namiji kusa.

Wanki,
Oumarou

Tompkinsville, 25 ga Yuni, 2023

Yaya Oumarou,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata damina ta sauka lafiya kuma an gama shuka. Ga man zafin Yaya Salima nan guda uku. Ni lafiya lau, ban da hawan jinin da takardarka ta ƙara mini.

Ni ban roƙe ka komai ba. Kuka na kai maka, kai kuma ka aiko mini da abin da ya hana ni sakewa a ɗakina. Na buga ƙusa sama da agogon bango na rataye shi, kullum in na shigo sai na ɗaga kai na duba ko yana nan.

Yanzu ka zauna da kyau ka ji. Maƙwabciyata Nimatu, mutuniyar Kumasi mai sayar da abinci, ta shigo ta ga gurun ta tambaya, na ba ta labari. Matar nan ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce ashe shekara talatin ina ƙasar nan ban san wannan kokowar shiri ba ce. Na tsare Nasser, ya ce ƙwarai kuwa, ya ɗauka na sani. Kafin su fito, mai shirya wasan yana da takarda a hannu, shi ke faɗin wanda zai faɗi da lokacin da zai faɗi. Kowace Alhamis Nasser ke hawa jirgin ruwa ya ƙetare, ya shiga jirgin ƙasa zuwa wani sito a Brooklyn, can suke maimaita abin kamar ƴan wasan kwaikwayo. Wai har yabonsa ake yi. Wai duk cikinsu ba wanda ya iya faɗuwa kamarsa, kuma in mutum ya diro masa daga kan igiya yakan cafe shi su zube tare ba wanda ya ji ciwo, shi ya sa kowa ke son a haɗa su. Yana faɗa mini haka yana murmushi, sai ka ce digiri aka ƙara masa. Da a ƙwallo yana tare wa wani ya yi suna, yanzu yana kwanciya wani ya yi suna. Na ce masa Allah ya ba ka jikin bajimi ya ba ka zuciyar tabarma.

Ga inda matsalar take. Da ya ga gurun sai ya daɗe tsaye yana kallo. Ashe ubansa ya sha ba shi labarinsa. Na faɗa masa dokokin, na ɗaura masa kamar yadda ka ce, don in sauke nauyi. Tun ranar yake fita da shi gaban ƴan kallo, amma kafin a fara sai ya kwance ya rataye a saman sandar dandamali, sannan ya je ya sha kayensa. Mai shirya wasan kuwa ya ga mutane suna nuna abin suna ihu, ya ce ya samu labari. A watan Nuwamba suna da babban wasa a St. George, kusa da tashar jirgin ruwa, yana son Dodon Hamada ya yi kokowar da gurun a ƙugunsa, gwarzonsu ya ƙwace.

Ka gane ko? Ba a cin wannan fili, ba a kuma kayar da kowa. Ka ba ni izini in maido maka da kayanka kafin a yi abin kunya. Ka amsa da wuri.

Habsatou

Tasawa, 18 ga Satumba, 2023

Habsatou,

Sallama. Muna lafiya, gero ya yi kyau bana, sai godiya. Takardarki ta yi wata biyu cikin jakar Zeinabou, don ta tsaya jinyar uwarta a Yamai, sai makon jiya ta iso.

Na karanta sau uku. Wato wata mai sayar da shinkafa ce za ta koya mini kokowa. Wannan shirin da kike ta kururutawa kamar sabon abu, mu ma mun san shi. A zamaninmu wani attajiri ya aiko mini da sa har gida don in sassauta wa yaronsa, na sa aka kora san har ƙofarsa da rana tsaka. Ko'ina akwai masu takarda a hannu. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne sun samu maraya ba kowa bayansa, sun koya masa kwanciya, ke kuma da ya kamata ki tsaya masa kina gefe kina zagi.

Guru ba ya komawa baya. Kin ɗaura masa, ya zama nasa. Kuma na riga na kira makaɗin gidanmu na sanar da shi, ya sa sunan Nasser bayan nawa a kirari. Ranar Juma'ar da ta wuce ya buga shi a ƙofar gida, Ishiyaku, Abdulrashid, Oumarou, Nasser na Ɗanasabe, mutane suka taru har bakin titi. Duk Tasawa ta san muna da ɗa a filin Amurka.

Ki karanta masa wannan da bakinki, kada ki rage ko harafi. Nasser, ba ka san ni ba, amma ni na goya ubanka a wuya ranar da ya yi kayensa na farko. Abin da ke ƙugunka ya girmi ƙasar da ka taka. In ya taɓa ƙasa a hannunka zan sa a cire sunanka, a cire na ubanka tare, kuma ba ni ba ku.

Oumarou

Tompkinsville, 15 ga Oktoba, 2023

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Zeinabou ba ta dawo ba, wani ɗan Maradi ne ya kawo takardarka, shi zan ba wannan.

Na karanta masa, ban rage ba, har na ƙara nawa gishirin. Na ce to ga shi nan, ubanka yana kabari ma sai ka jawo an kayar da shi. Ya ture kwanon tuwon ya tashi.

Nimatu ta kawo shawara a kai wa wani baduku a Flatbush ya ɗinka irinsa, a yi wasan da na bogi. Nasser ya ƙi. Ya ce sunansa na can ƙarya ne, fentin ƙarya, gurnanin ƙarya, wannan kaɗai ne nasa na gaske, ba zai yi masa na jabu ba. Ka ji fa, mai kwanciya don a tafa wa wani shi ke zancen gaske. Ya dai je ya yi magana da mai shirya wasan, sun daidaita cewa gwarzon zai kwance gurun ya ɗaga sama, ya miƙo mini a layin gaba, sannan a kayar da shi. Don haka dole in je. Allah ya raba mu da abin kunya.

Habsatou

Tompkinsville, 26 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Yaya Oumarou,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Salima. Ina fata an kai amfanin gona rumbu lafiya. Mu nan jiki lafiya. Sauran kuma ga shi.

An yi wasan ranar Asabar ta makon jiya, bayan la'asar, a wani zaure da ake hango ruwa daga ƙofarsa. Ni da Nimatu muna layin gaba, har gumin mutane na fantsamo mana. Abokin karawarsa wani Bature ne mai dogon gashi. Na san shi, don sau da yawa yakan rako Nasser shagona, ƴaƴansa mata biyu ƙanana suna hawa kafaɗar Nasser suna ja masa kunne. Suna wurin su ma da uwarsu.

Zan faɗi abin da na gani, ko da bai yi mini daɗi ba. A waya ba a ganin komai. A kusa na ga duk lokacin da Nasser ya ɗaga mutumin nan zai buga da ƙasa, sai ya sa tafin hannunsa a ƙeyarsa, hannun ne ke fara sauka. Yana gurnani yana zare ido, amma yana riƙe da shi kamar mai sauke tulu. Shekara uku ina zagin yaron nan ban taɓa zuwa na duba abin da yake yi ba.

Can kusa da ƙarshe suka rungumi juna, na ga Baturen yana yi masa raɗa. Daga baya na ji abin da ya ce. Mai shirya wasan ya sauya magana a bayan Nasser, ya ce ba wani miƙa wa tsohuwa, a kayar da shi da gurun a jikinsa, a tsinke a tattake, haka mutane za su fi ihu. Baturen ya gaya masa ne don kada abin ya zo masa ba shiri. Sannan ya hau saman igiya kamar yadda suka saba, ya diro da dukkan jikinsa, ya sakankance za a cafe shi su zube tare.

Nasser bai cafe shi ba. Ya duƙa irin duƙawarsa ta ƙwallo, ya kafa ƙafafu, ya tare shi da kafaɗa ya tunkuɗa. Mutumin ya wuce ta kan igiya ya sauka a kan siminti gabanmu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ƴan kallo suka tashi suna tafi, sun ɗauka cikin shirin ne, ƴan matan nan biyu ma suna tafi, sai da suka ga uwarsu ta ruga. Kafaɗa ta karye wuri biyu, ƙugu ya goce. Likita ya ce zai yi tafiya, amma ya gama hawa igiya.

Nasser ya sauko, fenti yana bin gumi, ya kwance gurun ya sa mini a hannu biyu. Ya dube ni ya ce da Hausa, Hausa tsantsa, "Gwaggo, ban faɗi ba."

An kore shi tun kafin ya wanke fuska. Ba nan kaɗai ba, labari ya zaga ko'ina, don a sana'arsu wanda aka diro masa bai cafe ba, ba mai sake yarda ya ba shi jikinsa. Abu ɗaya da ya iya fiye da kowa ke nan, mu biyu muka taru muka raba shi da shi, kai da kirarinka, ni da bakina. Yanzu da safe yana sauke mini kwalaye a shago, da rana ya tafi asibiti ya zauna a baranda, don matar ba ta yarda ya shiga ɗakin ba. Tuwon ma rabin kwano yake ci.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce guru ya yi aikinsa, ka kira makaɗi a buga ganga har bakin titi. Ku buga. Kai da ba ka taɓa ganin yaron ba, ka zauna a kan tabarma da sandarka ka ci fili da jikin ɗan wani. Ga kayanka nan na naɗe a sabon zane na ba Zeinabou, na ce ta riƙe a cinya har Tasawa. Bai taɓa ƙasa ba. In guru ba ya komawa baya, wannan ya koma, ka nemi ƙusa ka rataye. Kada ka sake aiko mini da komai sai gaisuwa.

Shekara goma sha bakwai ina yi wa yaron nan faɗa ya buɗe baki ya yi mini Hausa. Da na san abin da zai faɗa ke nan, da na bar shi da Turancinsa.

Habsatou